"Ya Rasu Ya Bar Mata Biyu Da 'Ya'ya Tara": Me Muke Ajiyewa Daga Mamatanmu?

Duk wanda ya saba kunna rediyo da safe a ƙasar Hausa ya haddace wannan sanarwa ko bai yi niyya ba: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Alhaji wane rasuwa a daren jiya bayan gajeruwar rashin lafiya. Ya rasu yana da shekara 72, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara da jikoki da dama. Za a yi jana'izarsa da ƙarfe goma na safe a ƙofar gidansa, kamar yadda addinin Musulunci ya tanada." Cire sunan ka sa wani, ka gyara lissafin mata da 'ya'ya, za ta zauna daram a kan kowa: ɗan kasuwar Kantin Kwari, malamin tsangaya a Damagaram, mai sayar da goro a zangon Kumasi. Da can yaro ake tasa ya zaga dangi da ita a baki, daga baya gidajen rediyo suka karɓa, yanzu kuma kafin a gama wankan gawa ta karaɗe WhatsApp da Facebook. Hanyar ta sauya sau biyu, kalmomin suna nan yadda suke.

Ina ganin girman wannan sanarwa, kuma tana yi mini ciwo. Dalilin biyun nake son in warware.

Gajartarta ba sakaci ba ne. Mu mutane ne da ke gaggauta sutura. Wanda ya cika da dare, kafin azahar an kai shi makwancinsa, don haka babu lokacin da wani zai zauna yana tsara tarihin rayuwa. Aikin sanarwar guda ɗaya ne, ta tara jama'a su zo salla, saboda ya inganta cewa idan mutum arba'in masu kaɗaita Allah suka tsaya a kan gawar Musulmi, Allah yana karɓar cetonsu gare shi. Manzon Allah (SAW) da kansa ya sanar da sahabbai rasuwar Najjashi, sarkin Habasha, a ranar da ya rasu, ya fita da su suka yi masa salla. Abin da malamai suka hana shi ne shela irin ta jahiliyya, wadda ake cika ta da kirari da alfahari da kururuwa. Daga nan muka gaji tsoron yawan magana a kan gawa. A kudancin Najeriya da Ghana, inda iyalai da yawa kan ajiye gawa a ɗakin sanyi na makonni ko watanni, akwai sararin buga ɗan littafi mai hotuna da tarihin mamaci, har a sayi shafi guda a jarida. A Ingila manyan jaridu suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, su rubuta tarihin fitattun mutane tun suna raye su ajiye. Mu kuwa Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu yana kan kujerar shugabancin ƙasa ranar 5 ga Mayu 2010, washegari aka binne shi a Katsina cikin farin likkafani irin wanda ake naɗe kowane talaka da shi. Wannan daidaito abu ne mai daraja, kuma ba na fatan mu rabu da shi.

Amma idan sanarwar ba ta faɗi ko wane ne mutumin ba, a ina ake faɗi?

A kan tabarma ake faɗi. Bahaushe yana da kalma ɗaya da ta ɗauke duk abin da wasu al'ummu ke bugawa a jarida, ita ce shaida. "An yi masa kyakkyawar shaida." "Shaidar duniya ita ce ta lahira." Wannan karin magana tushensa hadisi ne da Buhari da Muslim suka ruwaito: an wuce da wata gawa sahabbai suka yabe ta, Annabi ya ce ta wajaba, aka wuce da wata suka ambace ta da sharri, ya ce ta wajaba, da aka tambaye shi, ya bayyana cewa Aljanna ta wajaba ga na farko, wuta ga na biyu, domin su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Saboda haka maganar da ake yi a zaman makoki ba hira ba ce kawai ta cinye lokaci. Mutane suna jin cewa abin da bakinsu ya furta yana da nauyi a wani wuri. Tun a bakin makara ma ake fara buɗe littafin mutum, lokacin da wani daga cikin dangi zai miƙe ya ce duk mai bin marigayi bashi, ko wanda marigayi ke bi, ya ga wane bayan an dawo daga maƙabarta. A kwana ukun da ke biyo baya ne ake jin abin da 'ya'yan cikinsa ma ba su sani ba. Wani baƙo zai zo daga nesa, ya yi gaisuwa, a ce masa ya haƙuri, ya zauna shiru, can sai ya ce shi marigayi ne ya ba shi jarin farko, ko shi ya biya masa kuɗin jarrabawa, ya kuma roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Sai ka ga babban ɗa ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin riga. Ya zauna da mahaifinsa shekara 40, a ranar ya ƙara saninsa.

Lokacin da goggona ta rasu, sanarwar da aka tura ta ce Allah ya yi wa Hajiya, mahaifiyar wane, rasuwa. Sunan ɗanta aka ambata domin shi jama'a suka sani. Mu maza muna waje a rumfa muna amsa gaisuwa, kowa ya zo ya ce mace ce mai haƙuri, mai zumunci, Allah ya sa halinta na gari ya bi ta. Gaskiya suka faɗa, amma irin gaskiyar da za a faɗa a kan kowace tsohuwa ce. Ainihin shaidarta a cikin gida aka yi, kuma ban ji ba sai da mahaifiyata ta ba ni labari bayan an watse. Mata ne suka riƙa shigowa, wasu da goyo, wasu da jikoki, kowace na cewa a hannunta na haihu. Ita ce ungozomar unguwarmu fiye da shekara 40. Ko tsakar dare aka buga ƙofa, ko ana ruwa, za ta yafa mayafi ta ɗauki fitila ta fita. Ba ta yanke wa kowa kuɗi, abin da aka ba ta na sabulu da ɗan hatsi shi ke nan, in gidan babu sai ta koma nata ta dama kunun kanwa ta aiko wa mai jego. Ita ce kuma ke wankan gawar mata. Wata tsohuwa ta ce da ita aka karɓi rabin unguwar nan, da ita aka sallami rabi. Duk wannan bai shiga sanarwa ba, bai fito rumfar maza ba, kuma ba wanda ya rubuta.

Abin ya daɗe yana damuna har na tuna cewa an taɓa rubuta wa irinta. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta bar marsiyoyi, wato waƙoƙin juyayin mamaci, masu yawa, akasari da Fulatanci da Larabci. Ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Wannan ba abin mamaki ba ne, manya ne. Abin da ya fi kama ni shi ne ta yi wa matan da ba su riƙe sarauta ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima. Ta yi wa wata mai suna Zaharatu, inda ta ambaci cewa tana karantar da mata, tana zuwa wurin masu naƙuda, kuma ba ta ƙin zuwa in an kira ta suturar gawa. Sama da shekara 150 ke nan, kuma mun san Zaharatu da aikinta, alhali dubban attajirai da mayaƙan zamaninta sun shuɗe ko sunansu babu. Ba wani abu ya raya ta ba illa wata mai ilimi ta ga cewa aikin ungozoma ya cancanci tawada. Kuma babu mai cewa Nana Asma'u ba ta san iyakar shari'a a kan kukan mamaci ba. Marsiyya tsohuwar hanya ce a Musulunci: Hassanu bin Sabit ya yi wa Annabi, baitocin Khansa'u a kan ɗan'uwanta Sakhru har yau ana karanta su a makarantunmu na Larabci. Mu ne muka bar wannan gado ya koma hannun mawaƙa kaɗai, su kuma galibi sai sarki ko mai kuɗi ko ɗan siyasa suke yi wa.

Mata sun fi shan wannan asara, kuma kunyarmu tana da hannu a ciki. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗan fari, 'ya'ya ba sa kiran sunan iyaye gatsau. Tarbiyya ce mai kyau. Sai dai sakamakonta shi ne jikoki da yawa sun tashi sun san Inna, Iya, Hajiya Babba, amma ka tambaye su sunan yanka sai su tsaya suna kallon juna. Hanyar da al'ada ta bi ta toshe wannan ɓaraka ita ce takwara. In an haihu bayan rasuwa sai a mayar da suna, sannan saboda ba za a iya kiran sunan ba sai a saka laƙabi: Abba, Baffa, Babangida, Ummi, Uwani, Mama, yanzu kuma Walid da Walida da Halifa. Duk gidan da ka ji ana kiran ƙaramin yaro Abba, to akwai wani dattijo a bayan wannan suna, a raye ko a ƙasa. Har akan ji kaka ta dubi yaron ta ce ga tafiyar mai sunan nan sak. A ganina babu wata al'umma da ta fi mu iya dasa mamaci a cikin rayayye ta wannan fuska. Amma suna kaɗai yake ɗauka. Yarinyar da aka sa wa sunan goggona tana amsa Ummi, ba ta san hannun da aka yi mata takwara da shi ya karɓi ɗaruruwan jarirai ba, sai in wani ya zauna ya faɗa mata.

A da akwai lokutan da ake zaman faɗin. Sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, wasu har da ta shekara. A daka gumba, a toya waina, malamai su yi karatu, dangi na nesa da ba su samu jana'iza ba su iso. A wasu garuruwa in tsoho ne ƙwarai ya rasu, jikoki kan saka tufafinsa su kwaikwayi tafiyarsa da faɗansa, mutane na dariya da hawaye a haɗe. Tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 wa'azi ya yi ƙarfi a kan cewa ware waɗannan ranaku ba shi da asali a sunna, malaman ɗariƙu kuma suka tsaya a kan cewa addu'a da sadaka suna isa ga mamaci ko yaushe aka yi su. Ba ni da matsayin raba wannan gardama ta malamai. Abin da idona ya gani shi ne masu sukar sun taɓo wani ciwo na gaske. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar bin Abi Ɗalib ya iso Madina, umarnin da Annabi ya bayar shi ne a dafa wa iyalinsa abinci domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Mu kuwa mun wayi gari gidan da aka yi rashi shi ke ɗora tukunya yana ciyar da gari, wani lokaci daga dukiyar da marayu ke da haƙƙi a ciki tun ba a raba gado ba. Rage wannan nauyi alheri ne. Sai dai a gidaje da yawa da aka daina taron, ba a kawo wani abu da zai riƙe labarin ba. An tashi ranar uku, kowa ya kama hanyar Abuja ko Legas ko Yamai, matar marigayi ta shiga takabarta ta wata huɗu da kwana goma kusan ita kaɗai, ita ce kuma ta fi kowa sanin mutumin.

Abin da ya bunƙasa a madadin taro shi ne sadaka mai gudana, bisa hadisin nan na Muslim cewa in ɗan'adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa na gari mai yi masa addu'a. Shi ya sa za ka ga rijiyar burtsatse a bakin hanya da ɗan rubutu a jikin tanki ana roƙa wa marigayiya wance addu'a, ko Alƙur'anai a masallaci da hatimi a bangon farko. Akwai kuma wata sunna da ba a cika ambatonta ba, wadda ni ta fi taɓa ni. Bayan rasuwar Nana Khadija, Annabi kan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da naman. Abdullahi bin Umar ya taɓa haɗuwa da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa, da aka yi mamaki ya ce mahaifin mutumin abokin Umar ne. Wanda ya riƙe abokan mahaifinsa yana samun abu biyu: lada, da kuma labari, domin a bakin waɗannan tsofaffi ne samartakar mahaifinsa take.

Kabari kuwa ba ya riƙe mana komai, kuma da gangan ne. Tudun ƙasa ne, a kafa ɗan itace ko fasasshiyar tukunya, yanzu wasu na sa ƙaramin allon ƙarfe mai suna da kwanan wata. Damina biyar ta wuce a kai, sai mai gadin maƙabarta kaɗai zai iya nuna maka wurin, shi ma da ƙyar. Manya suna da inda ake tuna su. Hubbaren Shehu yana Sakkwato, na Bello yana Wurno. Gidan Sardauna a Kaduna ya zama Arewa House, cibiyar bincike da adana tarihi. Gidan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, ya zama cibiyar Mambayya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Talaka ba shi da hubbare sai bakin mutanen da suka san shi. Wanda ya ga abin da ya faru a Kano a watan Afrilun 2020 ya san raunin wannan ma'ajiya. Cikin 'yan makonni dattawa suka yi ta tafiya, malaman jami'a da limamai da 'yan kasuwa da tsofaffin cikin gida, a daidai lokacin da dokar kulle ta annobar korona ta hana taro. An yi jana'iza da mutane kaɗan, ba a shimfiɗa tabarma ba, baƙon nan mai zuwa daga nesa da labarin jarin farko bai zo ba. Shaidu da yawa sun tafi tare da masu su a wannan wata.

Akwai wani ɓangare mai wuya da ba zan tsallake ba. In kowa ya mutu ya zama mutumin kirki, me ya rage wa kalmar? An hana mu zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, wannan a littafin hadisi na Buhari yake. Amma hadisin shaida da na ambata ya nuna sahabbai sun faɗi sharrin wata gawa kuma ba a tsawata musu ba, malamai sun yi dogon bayani a kan yadda za a haɗa biyun. Mun ga wannan taƙaddama a fili lokacin da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025 aka kawo shi Daura: wasu na cewa a yi shiru a yi addu'a, wasu na cewa wanda ya mulki miliyoyin mutane ba a rufe littafin mulkinsa da rufe kabarinsa. Ni dai ina ganin auna aikin shugaba haƙƙin al'umma ne, kuma ana iya yin sa ba tare da ashar ko yanke wa mutum makoma ba. A cikin gida lamarin ya fi laushi. Akwai uban da ya yi tsanani, akwai mijin da bai yi adalci tsakanin matansa ba. Hausawa ba sa tona wannan a kan tabarma, sai su ce Allah ya yafe masa kurakuransa, wanda ya san zancen ya gane. Hikima ce. Abin da nake tsoro shi ne yabon da aka yi wa kowa riga ɗaya. In aka ce mace mai haƙuri ce aka tsaya nan, sau da yawa an binne tambayar me ta yi haƙuri da shi, an kuma binne duk sauran abin da ta kasance: mai dabarar kasuwanci ce, mai barkwanci ce, ta haddace izu nawa, wa ta aurar da kuɗin ƙuli-ƙulinta.

Wayar hannu ta zo mana da nata. Ba ƙaramin zalunci ba ne uwa ta ji mutuwar ɗanta a Facebook kafin dangi su iso su zaunar da ita, ko a ɗauki hoton gawa a gadon asibiti a watsa, abin da mai shi ba zai taɓa yarda da shi ba da yana da baki. Sau nawa kuma aka kashe mutum a intanet yana zaune da ransa. Duk da haka, mafi kyawun shaidun da na karanta a 'yan shekarun nan a can na gan su. Kuma na lura waɗanda ke zama a zuciya ba masu tara kalmomin yabo ba ne. Wata ce za ta rubuta cewa mahaifinta bai taɓa shigowa gida hannu rabbana ba, ko rake ne guda sai ya yanka shi daidai yawan yaran. Wani ya ce mahaifiyarsa ba ta iya karatun boko ba, amma kullum sai ta karɓi littafinsa ta duba ko malam ya sa jan biro. Kana karantawa ka ga mutum tsaye a gabanka, addu'ar da za ka yi masa ma sai ta fi fitowa daga ciki.

Bayan sallar layya da ta wuce na sayi littafin rubutu mai bango mai kauri na tafi unguwarmu. Na fara da sunan goggona na yanka da na mahaifinta da na kakanta, wanda sai da na tambayi mutum uku kafin na tabbatar. Na zauna da mahaifiyata ta maimaita mini abin da matan suka faɗa, na rubuta yadda ta faɗe shi. Daga nan na shiga gidan tsohuwar nan mai maganar rabin unguwa, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, yaushe Goggo ta fara karɓar haihuwa?" Ta daɗe tana murza carbi, sannan ta ce ba ta san lissafin shekara ba, amma ɗanta na biyu shi ne farkon wanda Goggo ta yanke wa cibiya ita kaɗai ba tare da tsohuwar ungozoma ba, kuma da azumin da aka kashe Sardauna aka haife shi. Na rubuta 1966. Ta ce in ƙara da cewa a daren hannun Goggo rawa yake yi, har sai da ita mai naƙudar ta ce mata ta yi bisimilla ta yanka. Ummi tana gefena tana riƙe da murfin biro, ta ce, "Kawu, ashe ita ma tana jin tsoro?"